Ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙanƙarar Girinlan: ciyar da teku yake ko ɓata shi?

Malam Sani Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani rahoto da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a watan Agustan 2025 da ya tsaya mini a rai. Sun ce ruwan da ke narkewa daga ƙanƙarar Girinlan, wanda ke bi ta ƙarƙashin kogin ƙanƙarar Jakobshavn (wato tarin ƙanƙara mai gangarowa a hankali kamar kogi) ya faɗa teku, yana ƙara yawan ƙananan tsirran teku na yankin da kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari a lokacin zafi. Waɗannan tsirrai ido ba ya ganinsu, amma su ne abincin ƙananan halittun ruwa, su kuma kifi ya ci su. To mu a aji abin da muke koya wa yara shi ne narkewar ƙanƙara masifa ce. Yanzu ga shi ana cewa tana ciyar da kifi. Masana a cikinmu, wanne za mu riƙa?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, a fahimtar da ni. Ƙanƙara daga sama rana ke narkar da ita, to me ya kai ruwan ƙarƙashi?

Injiniya Bashir:
Maman Ilham, daga saman yake farawa. Girinlan tsibiri ne da ƙanƙara ta lulluɓe kusan murabba'in kilomita miliyan 1.7 nasa, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. Daga Yuni zuwa Agusta saman yana narkewa, ruwan ya zama rafuka da tafkuna shuɗaye a kan ƙanƙarar. Sai ya sami tsaga, ya huda ta, ya yi rami ya gangara har ya taɓa dutsen da ƙanƙarar ke zaune a kai. Daga nan ya bi ta ƙasa yana neman mafita. Idan kogin ƙanƙarar a kan tudu ya ƙare, ruwan zai fito ya zama kogi kamar kowane kogi. Idan kuwa bakinsa a cikin teku yake, kamar Jakobshavn, to ruwan a can ƙasa zai ɓullo, ɗaruruwan mita ƙarƙashin fuskar teku. A ganiyar zafi abin da ke fitowa daga Jakobshavn kaɗai ya kai mita kubik 1,200 a kowace daƙiƙa.

Alhaji Garba Yawuri:
Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma wannan ban ga abin mamaki a ciki ba. Mu nan idan Kwara ta cika ta shiga fadama, laka take kawowa, shinkafa ta yi kyau, kifi ya hayayyafa. Ruwan ƙanƙarar nan shi ma taki yake ɗebowa daga ƙarƙashin ƙasa ya kai wa teku. Ko ba haka ba ne, 'ya'yana?

Dakta Hadiza:
Barka da dare Baba Alhaji. Ka kusa, amma akwai inda suka rabu, kuma a nan duk maganar take. Kwara ita ke ɗauko takin ta kawo. Shi ruwan ƙanƙara kusan hannu rabbana yake zuwa ta fuskar abin da tsirran tekun can suka fi buƙata, wato sinadarin naitiret. Yana da ƙarfe, yana da silika da ya kankaro daga dutse, amma naitiret ɗinsa kaɗan ne ƙwarai.

Takin yana can kwance a ƙasan teku tun asali. Duk abin da ya mutu a sama nitsewa yake, ya ruɓe a zurfi, sinadaransa su taru inda hasken rana ba ya kaiwa. A sama akwai haske babu taki, domin tsirran sun cinye shi tun watan Afrilu da Mayu da rana ta dawo. A ƙasa akwai taki babu haske. Abin da ruwan ƙanƙara ke yi shi ne haɗa su.

Ga yadda abin yake. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, saboda haka ya fi ruwan daɗi nauyi. Da ruwan daɗin nan ya ɓullo daga gindin ƙanƙara, sai ya yi sama da gudu yana bin jikin bangon ƙanƙarar, wato bakinta da ke tsaye cikin teku. A hanyarsa yana jan ruwan teku na zurfi yana cakuɗawa da shi, har abin da zai isa sama ya ninka ruwan daɗin sau goma ko fiye. Wannan ruwan zurfin da aka jawo shi ne mai naitiret. Kuma yana isowa ne a watan Yuli da Agusta, daidai lokacin da saman tekun ya tsiyace. Shi ya sa a irin waɗannan wurare tsirran ke sake bunƙasa karo na biyu a shekara.

Alhaji Garba Yawuri:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wato shi ɗan dako ne, ba mai kaya ba.

Dakta Hadiza:
Amin Baba. Haka ne. Na taɓa ganin abin da idona a Svalbard, a arewacin Norway, a mashigin tekun Kongsfjorden kusa da sansanin bincike na Ny-Ålesund. Muna cikin ƙaramin jirgin ruwa, aka hana mu matsawa kusa da bangon ƙanƙarar saboda yana iya ɓallowa kowane lokaci. Ruwan duk shuɗi-kore ne, sai wani fili guda a gindin bangon, ja-ja mai laka, yana motsi yana yaɗuwa waje. A kan wannan filin kaɗai tsuntsaye farare suka yi dandazo suna tsattsagar ruwa. Ƙananan halittun da ke zurfi ruwan ke kwasowa, ruwan daɗi ya gigita su tun da ba su saba da shi ba, su taso sama ba ƙarfi, tsuntsu ya samu a sauƙaƙe. Ga kuma ƙarar da ba na mantawa: guntayen ƙanƙarar da ke yawo a gefen jirgi suna ta tas-tas-tas, iskar da ta daɗe a kulle a ciki tana fita.

Nura Funtuwa:
To in haka ne ai magana ta ƙare. Ƙanƙara ta narke, kifi ya ƙaru, mutanen Girinlan su sami kuɗi. Na karanta cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da suke fitarwa waje kifi ne da jatan lande. Turawa sun cika mu da surutun ɗumamar yanayi, ashe akwai masu cin riba ba a faɗa mana.

Injiniya Bashir:
Nura, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka tambaya, ruwan zurfin da ake jawowa ɗin nan, wane iri ne? A mashigan tekun Girinlan ruwa hawa biyu ne. Na sama mai tsananin sanyi ne, daga yankin Aktik yake zuwa. Na ƙasa daga Atlantika yake, ya fi gishiri kuma ya fi ɗumi, yakan kai digiri 3 ko 4. A wurinmu wannan sanyi ne, a wurin ƙanƙara kuwa wuta ne. Ruwan da ke tasowa yana jan wannan mai ɗumin yana goga shi a jikin bangon da gudu. Gindin bangon ya zaizaye, ya yi kogo, saman ya rasa abin da ke riƙe shi, ya ɓalle ya faɗa teku. Abin da ke ɗauko wa kifi abinci shi ne dai ke cin kogin ƙanƙarar ta ƙasa.

A Alaska an auna wannan kai tsaye a kogin ƙanƙarar LeConte da na'urar da ke aika sauti a cikin ruwa, aka wallafa a 2019. Narkewar da suka tarar a ƙarƙashin ruwa ta wuce abin da lissafi ya yi hasashe nesa ba kusa ba, a wasu sassan har ninki ɗari.

Nura Funtuwa:
Injiniya, ko ya ci ta, ai sai ƙarin ruwa, ƙarin taki. Ban ga inda aka yi asara ba.

Dakta Hadiza:
Asarar tana zuwa ne ranar da kogin ƙanƙarar ya ja da baya har ya fita daga teku ya hau tudu. Daga ranar ruwan ba zai sake fitowa daga zurfi ba. Zai zo ta sama a matsayin kogi, ya shimfiɗu a fuskar teku tun da ba shi da nauyi, ya rufe ruwan ƙasa ya hana shi tasowa. Ga shi ɗauke da laka mai laushi da ke tare hasken rana. Ruwa ɗaya, yawa ɗaya, amma da ya ɗauko taki, yanzu ya danne shi. Tun kafin ma a kai tudu, idan bakin ya koma inda ba zurfi, abin da zai jawo ruwan sama-sama ne wanda ba shi da naitiret sosai.

An gwada wannan. A 2017 Lorenz Meire da abokan aikinsa sun kwatanta mashigin tekun da ke kusa da Nuuk, babban birnin Girinlan, wanda kogunan ƙanƙara ke shiga cikinsa kai tsaye, da mashigin Young Sound na arewa maso gabas, wanda ruwansa ta tudu yake zuwa. Na Nuuk ya fi yalwar tsirrai ƙwarai. Suka kuma duba lissafin kamun kifin halibut, suka ga ya fi yawa a wuraren da ƙanƙara ke shiga teku.

Malam Sani Zariya:
Dakta, a nan ina da ja. Young Sound yana can arewa sosai, ƙanƙara na rufe ruwansa mafi yawan shekara, Nuuk kuwa tana kudu maso yamma. Ta yaya za a ce bambancin daga ruwan ƙarƙashin ƙanƙara ne, ba daga sanyi da ƙarancin rana ba? Sannan shi kansa rahoton NASA da na kawo, na sake dubawa, lissafin kwamfuta ne, ba awon ruwa ba.

Dakta Hadiza:
Malam, jan naka a kan hanya yake, kuma masanan sun ji irinsa. Shi ya sa suka koma suka ɗauki maƙwabta biyu: mashigin Nuuk da na Ameralik da ke kudu da shi kaɗan. Yanayi ɗaya, rana ɗaya, teku ɗaya ke shiga cikinsu. Bambancin kawai, Ameralik ruwan narkewarsa ta tudu yake zuwa. Sakamakon ya fito a 2023. A na Nuuk manyan tsirrai masu kwanson silika suka fi yawa a lokacin zafi, da manyan ƙwarin ruwa masu kitse da kifi ke so. A Ameralik ƙanana-ƙanana ne suka mamaye, da ƙwayoyin bakteriya, da ƙananan ƙwari. Ba a ce ruwan ya mutu ba, amma abincin da ke isa ga babban kifi ya canza.

Batun kwamfuta kuma gaskiya ne, kashi 15 zuwa 40 ɗin nan hasashen lissafi ne na yanki guda, wato gaɓar Disko, inda ruwan Jakobshavn ke fita. Girinlan na da kogunan ƙanƙara masu shiga teku sama da 200, kowanne da zurfinsa da siffar mashiginsa. Ni ba zan ɗauki wannan adadi in yafa wa duka ba. Amma tasowar ruwan zurfi mai naitiret an auna ta da kwalba da na'ura a wurare da dama, wannan ba hasashe ba ne.

Alhaji Garba Yawuri:
Shi wannan kifin halibut da me suke kama shi? Taru ko koma?

Dakta Hadiza:
Mamari Baba, irin naku, sai dai nasu dogo ne ƙwarai domin kifin a ƙasa yake kwance, mai faɗi ne, a zurfin ɗaruruwan mita. A garin Ilulissat, wanda ke bakin mashigin Jakobshavn, mutanen wajen 5,000 ne, kuma kusan kowane gida na da alaƙa da wannan kifi. Lokacin zafi da ƙananan jirage suke fita tsakanin tsaunukan ƙanƙara. Lokacin sanyi wasu kan tafi da keken da karnuka ke ja, su huda ƙanƙara su zura mamarin.

Alhaji Garba Yawuri:
Allah sarki. To masunci ko'ina masunci ne. Wanda ya san ramin kifinsa shekara da shekaru, ranar da ruwa ya canza hali ba wanda zai biya shi. Mu mun ga yadda kamu ya canza bayan an datse Kwara a Kainji a 1968, wasu kifayen suka ƙaru, wasu muka daina ganinsu kamar da. Nura ɗana, kada ka yi saurin cewa riba.

Nura Funtuwa:
Na ji Baba. Amma har yanzu ina da tambaya ga Injiniya. Idan ruwan ƙarƙashin nan ne ke cin ƙanƙarar, me ya sa na ga labarin cewa Jakobshavn ɗin ma ya ƙara kauri a wasu shekaru?

Injiniya Bashir:
Ya ƙara, kuma wannan labarin ma yana ƙarfafa maganar ne. A 1997 ruwa mai ɗumi ya shigo gaɓar Disko. Cikin 'yan shekaru dogon harshen ƙanƙarar da ke yawo a gaban Jakobshavn ya wargaje, kogin ya ƙara gudu, har a lokacin zafin 2012 yana tafiyar sama da mita 40 a rana. Sai a 2016 ruwan yankin ya yi sanyi. Nan take ya rage gudu, ya yi kauri na wasu shekaru. Shirin NASA da ya yi ta auna zafin ruwan gaɓar Girinlan da jiragen sama a wancan lokacin shi ya gano haka. Wato ruwan ƙarƙashin ƙanƙara shi ke jan ruwan teku zuwa bango, amma ɓarnar da za a yi ta danganta da ɗumin abin da ya jawo. In ya jawo mai sanyi, da sauƙi. Sai dai sauƙin ɗan lokaci ne. Jimillar Girinlan tun 2002 asarar ƙanƙara kusan tan biliyan 270 take yi a shekara, a 2019 kaɗai ta haura tan biliyan 500.

Abdul Kumasi:
Salam 'yan uwa, daga Zongo nake bin ku. Lakar nan da Dakta ta ce tana tare haske, mu nan Gana mun san labarinta ta wata fuska. Wani masanin duwatsu ɗan asalin Girinlan, Minik Rosing na Jami'ar Kopenhagen, ya kawo shawarar a riƙa ɗebo ta a zuba a gona. Dutse ne da ƙanƙara ta niƙe ya yi laushi ƙwarai. An gwada ta a gonar masara a nan tare da Jami'ar Gana, kuma amfanin ya ƙaru. Ƙasarmu ta tsufa, ruwan sama ya wanke ma'adinanta, ita kuwa lakar sabuwa ce fil.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Abdul, to ta maye gurbin takin zamani ke nan?

Abdul Kumasi:
A'a Hajiya. Tana da fotash da wasu ma'adinai, amma ba ta da naitirojin, dole a haɗa da yuriya ko takin gargajiya. Ga kuma kuɗin ɗauko ta daga can zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema. Har yanzu a matakin gwaji take.

Issoufou Maraɗi:
Ina gaida kowa. Ni abin da ya dame ni ba kifin Ilulissat ba ne, damina ce. Duk wannan ruwan daɗi da ke zuba cikin arewacin Atlantika ba ya tsayawa a mashigi, fita yake. Na ji an ce yana iya raunana zagayen ruwan Atlantika, kuma in ya raunana damina ta ja baya daga Sahel. Gaskiya ne ko tsoratarwa?

Dakta Hadiza:
Malam Issoufou, hanyar da ake tsoro gaskiya ce. Ruwa mai ɗumi yana tafiya arewa ta sama, ya huce a kusa da Girinlan da Aisland, ya yi nauyi saboda sanyi da gishiri, ya nitse ya dawo kudu ta ƙasa. In aka tsinka shi da ruwan daɗi, nitsewar za ta yi wuya. In zagayen ya yi rauni arewacin Atlantika zai yi sanyi idan aka kwatanta da kudanci, layin damina kuwa ɓangaren da ya fi ɗumi yake bi, sai ya ja kudu. Farin shekarun 1970 da 1980 ya zo ne a lokacin da arewacin tekun ya yi sanyi fiye da kudancinsa, ko da yake dalilan wancan sanyin daban ne, har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka.

A 2017 wasu masana a Faransa sun yi lissafin abin da zai faru da Sahel in Girinlan ta zubar da ruwa mai yawa, suka ga damina ta ragu, filin noman gero da dawa ya tsuke. Amma a lura da yawan ruwan da suka sa a lissafin: wanda zai ɗaga teku da rabin mita zuwa mita 3. A yanzu abin da Girinlan ke ƙarawa bai kai milimita 1 a shekara ba.

Injiniya Bashir:
Dakta, ni ina ganin kin sassauta. Milimita 1 ɗin yau ba shi ne na gobe ba. A watan Yulin 2012 kusan kashi 97 cikin ɗari na saman ƙanƙarar ya narke cikin 'yan kwanaki. A Agustan 2021 aka yi ruwan sama a ƙololuwar Girinlan, sama da mita 3,000, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ma a rahoton 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi zagayen zai yi rauni a wannan ƙarni.

Dakta Hadiza:
Ya faɗi haka Injiniya, kuma a wuri guda ya ce ba ya tsammanin rushewa kwatsam kafin 2100, da matsakaicin tabbaci. Ni ma abin yana damuna, iyayena manoma ne. Amma Malam Issoufou zai kai maganar nan ga mutanen da rumbunsu ya dogara da ita, gara ya kai ta daidai. Raunin da ake hasashe ma ba ruwan Girinlan kaɗai ke jawo shi ba, ɗumamar saman tekun da ƙaruwar ruwan sama a arewa suna da babban kaso.

Issoufou Maraɗi:
To akwai masu auna shi zagayen kansa, ko shi ma kwamfuta ce?

Dakta Hadiza:
Akwai. Tun 2004 aka jera na'urori a cikin teku daga gaɓar Maroko zuwa Bahamas da Florida, shirin RAPID, suna auna ƙarfinsa kullum. Ya yi ƙasa sosai a 2009 zuwa 2010, ya sake farfaɗowa. Yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara, har shekara 20 na awo ba su isa a raba canjin dindindin da na wucin gadi ba. An ƙara wani layin na'urorin a 2014 daga Kanada zuwa Girinlan zuwa Sikotlan, kusa da inda ruwan ke nitsewa, kuma shi ya nuna cewa mafi yawan nitsewar a gabas da Girinlan take faruwa, ba a tekun Labrador da ke tsakanin Girinlan da Kanada ba kamar yadda aka daɗe ana zato.

Issoufou Maraɗi:
Ruwan Jakobshavn kuma ta yamma yake fita ko?

Dakta Hadiza:
Ta yamma, cikin gaɓar Disko. Daga nan igiyar ruwa ta ɗauke shi arewa cikin tekun Baffin, ya zagayo ya gangaro ta gaɓar Kanada zuwa Labrador. Nawa ne daga cikinsa ke barin gaɓa ya shiga tsakiyar teku inda ake nitsewa, wannan shi ne abin da masu awon ke bi yanzu.